Abin Da Ɗan Jarida Ke Nufi In Ya Ce "Kwafi"

Daga Wakilinmu

Kwafi na cikin kalmomin da Hausa ta aro daga Turanci suka zauna daram, har aka manta baƙi ne. Akawu yana yin kwafin wasiƙa ya sa a fayil. Ɗalibi yana kai kwafin takardar shaidarsa wurin neman aiki, ta ainihin kuwa ya ɓoye ta a ƙasan akwati. Malamin makaranta yana horon yaron da ya kwafi amsar abokinsa. Dukansu abu guda suke nufi, watau akwai asali, sa'an nan akwai abin da aka juyo daga gare shi, kuma abin da aka juyo ɗin bai kai asalin daraja ba. A kasuwa ma in aka ce kaya kwafi ne, mai saye ya san zai taya da arha.

Amma wanda ya shiga gidan jarida da wannan fahimta kaɗai zai sha mamaki tun ranar farko. In edita ya leƙo ya ce wa ɗan rahoto, "Ina kwafinka?" ba juyi yake nema ba, asalin yake nema, watau labarin da ɗan rahoton ya rubuta da hannunsa, wanda babu irinsa ko ɗaya a duniya tukuna. Kalmar da ke nufin juyi a ofishin gwamnati ita ce ke nufin asali a ɗakin labarai. Kuma ba a nan ta tsaya ba. Kafin jarida ta kai hannun mai karatu da safe, kalmar nan ta sake riga sau huɗu ko biyar, kowane sashe na gidan da abin da yake nufi da ita. Tun da yake ɗalibai da yawa suna sha'awar wannan aiki, ma'aikatan gwamnati kuma kullum suna hulɗa da jaridu wajen ba da sanarwa da talla, ya kamata a warware musu zancen.

Tushen kalmar, wadda Turawa ke rubutawa "copy", daga harshen Latin yake, inda "copia" ke nufin yalwa ko wadata. A zamanin da babu injin ɗab'i a Turai, littafi ba ya yawaita sai marubuta sun zauna sun juya shi da hannu, kamar dai yadda malamanmu suka daɗe suna juya littattafan fiƙihu da na waƙoƙi da tawada da alƙalamin kara. Wanda ya juya littafi ya yalwata shi ke nan, saboda haka aka laƙaba wa juyin sunan yalwa. Daga Latin kalmar ta shiga Faransanci, daga nan ta haura Ingila cikin ƙarni na 14. Har zuwa nan babu wani ruɗani.

Ruɗanin ya soma ne da zuwan maɗaba'a. William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila cikin shekarar 1476, a Westminista. Mai ɗab'i ba ya ƙago magana, sai an kawo masa rubutu ya ɗora a gabansa yana dubawa yana jera baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Rubutun da aka kawo masa sau da yawa juyi ne da wani magatakarda ya yi, don haka sunansa kwafi tun daga waje. Amma a wurin mai ɗab'in shi ne asali, domin daga gare shi za a fitar da ɗaruruwa. Da tafiya ta yi tafiya sai ya zama duk rubutun da za a miƙa wa masu jera baƙaƙe sunansa kwafi, ko da kuwa yanzu marubucinsa ya ɗauke alƙalami daga kansa. Jarida 'yar maɗaba'a ce, ta gaji kalmar yadda ta same ta.

Tafiyar takarda

Don a gane nauyin wannan ma'ana sai a duba yadda labari ke tafiya a gidan jarida kafin kwamfuta ta kori tafireta da dalma. Ɗan rahoto zai dawo daga kotu ko majalisa ya zauna gaban tafireta. Ba a doguwar takarda yake bugawa ba, a kan 'yan guntaye ne, sakin layi ɗaya ko biyu a kowace, fuska ɗaya kawai, da fili tsakanin layuka don a sami wurin gyara. A saman kowace takarda zai sa sunansa da kalma guda ta shaida da lamba, alal misali "gobara 1", "gobara 2". A ƙasa zai sa alamar cewa da saura, a ta ƙarshe kuma alamar cewa ya ƙare. Dalilin gutsuttsura labarin shi ne a iya raba shi ga masu injin jera baƙaƙe uku ko huɗu a lokaci guda in lokaci ya ƙure. Injin nan mai narka dalma ya zubo layi sukutum, wanda ake kira Linotype, Ottmar Mergenthaler ne ya ƙago shi, aka fara aiki da shi a jaridar New York Tribune cikin 1886, kuma ya yi kusan shekara ɗari yana mulkin maɗaba'un jaridu.

A ƙarƙashin kowace takarda ɗan rahoto yakan sa takardar kabon da wata farar takarda, domin ya riƙe juyi. To, ga inda harshe ya sarƙe: ta sama ita ce kwafi, ta ƙasa kuwa, wadda akawu zai kira kwafi, ba za a iya ba ta wannan suna ba sai a ruɗe. Shi ya sa 'yan jaridar Ingila suka raɗa mata suna dabam, suna ce mata "baƙa", saboda baƙin kabon.

Da ya zare takarda daga tafireta sai ya ɗaga ta ya yi kira, wani yaro ya sheƙo ya fizge ta. Sunan wannan masinja yaron kwafi, kuma manyan 'yan jarida da yawa a Ingila da Amurka daga wannan gudu suka fara. In kuwa ɗan rahoton yana wani gari mai nisa, sai ya bugo waya, wani ma'aikaci da ake kira mai ɗaukar kwafi ya sa abin sauraro a kunne yana bugawa a tafireta, ana faɗa masa har da waƙafi da aya, sunayen mutane kuma ana jero masa su baƙi da wasali. Daga nan takarda ta faɗa hannun wani dattijon ma'aikaci wanda Turawan Ingila suka ba wani suna mai ban sha'awa, mai ɗanɗana kwafi. Kamar yadda uwargida ke ɗanɗana miya da bakin ludayi, shi ma layi biyu ko uku zai karanta ya san ko labarin na shafin farko ne, ko na ciki, ko kuwa na ƙusa. Ƙusar nan wani tsinken ƙarfe ne a tsaye kan tebur, wanda ake soke duk labarin da aka ƙi. Ba a jefa shi kwando, domin wataƙila gobe a tambaya.

Labarin da ya tsira daga ƙusa yana zuwa teburin masu tacewa. Amurkawa suna kiransa teburin kwafi, mai aikin kuma editan kwafi. Ingila, da Nijeriya da ta bi sawunta, suna kiransa ƙaramin edita. Shi ne zai rage tsawo, ya daidaita nahawu, ya tabbatar da suna da muƙami da adadi, ya cire abin da zai jawo ƙara a kotu, ya rubuta kan labari. In takarda ta zo masa ba ta bukatar gyara mai yawa sai a ce kwafi mai tsabta, kuma a ɗakin labarai babu yabon da ya fi wannan tsada. In ta zo da kankare-kankare da kibiyoyi, wannan kwafi mai datti ne, mai shi kuma ba zai daɗe ba sunansa zai zaga.

Bi kwafi

Daga teburin tacewa sai maɗaba'a, inda doka guda ce ke aiki: bi kwafi. Masu ɗab'i na Ingila har zolaya suke yi da ita, suna cewa ka bi kwafi ko da iska ta fitar da shi ta taga. Ma'anarta mai jera baƙaƙe ba shi da ikon ƙara wa magana gishiri ko rage mata. In ya ga abin da bai gane ba ya tambaya, amma kada ya gyara da ka. Bayan an jera, masu karatun gyara za su zauna su biyu, ɗaya yana riƙe da kwafi yana karantawa a bayyane, ɗaya yana bin shafin gwaji da fensir.

Tsananin nan yana da dalili. Cikin 1631 masu ɗab'in Sarkin Ingila, Robert Barker da Martin Lucas, suka buga Littafi Mai Tsarki na Kirista, sai kalmar hani guda ɗaya, mai baƙaƙe uku, ta faɗi daga dokar da ta haramta zina, dokar ta koma umarni. Aka ci su tarar fam 300, aka karɓe musu izinin ɗab'i, aka bi littattafan ana ƙonawa. Ba kowane kuskure ne ke kai nan ba, amma kowace jarida tana da ranar da wani babban mutum zai aiko lauyansa yana cewa an ɓata masa suna. A ranar, abin da za a fara nema shi ne kwafi. A jikinsa za a ga bugun ɗan rahoto, da fensirin ƙaramin edita, da alamar mai ɗab'i, a san daga hannun wa kalmar ta fito. Shi kuma ɗan rahoto zai zaro baƙarsa daga aljihun tebur ya nuna abin da ya rubuta kafin a taɓa. Saboda haka kwafi a wannan ma'ana ya wuce takarda kurum, shaida ce ta wanda zai amsa tambaya.

Jaridun Hausa suna da nasu ƙarin ciwon kai a nan. Yawancin tafiretocin da aka yi aiki da su ba su da baƙaƙe masu ƙugiya, sai an bi kwafi da biro ana lanƙwasa wa kowane ɓ da ɗ da ƙ kansa. In aka tsallake ɗaya, mai jera baƙaƙe kuwa ya bi kwafi kamar yadda aka umarce shi, sai ƙasa ta koma kasa, baƙi su koma baki, ƙafa ta koma kafa. Mai karatu yakan gane daga zubin magana, amma ba kullum ba.

Ban da wannan, akwai labaran da ba ma'aikacin gidan ne ya rubuta ba, waɗanda ke kwararowa ta injin waya daga kamfanonin dillancin labarai, irin su Reuters da aka kafa a Landan cikin 1851, ko Kamfanin Dillancin Labarai na Nijeriya, wanda aka kafa da dokar soja cikin 1976 ya fara aiki cikin Oktoba 1978. Sunan wannan kwafin waya. Da Turanci yake zuwa, don haka a jaridar Hausa sai ya bi ta hannun mai fassara, abin da mai fassarar ya rubuta kuma shi ne sabon kwafi a wurin maɗaba'a. Ke nan labari guda yana da kwafi biyu, kowanne asali ne ga wanda ke gaba da shi.

Mutum ma kwafi ne

Ma'ana ta gaba ta bar takarda gaba ɗaya. Za ka ji ɗan jarida ya ce wane kwafi ne mai kyau. Ba yabon halinsa yake yi ba, kuma ba cewa yake ya yi kama da ubansa ba. Abin da yake nufi shi ne duk inda mutumin ya buɗe baki za a sami abin bugawa da zai sayar da jarida. Ɗan damben nan Muhammad Ali irin wannan ne. Lokacin da ya je Kinshasa cikin 1974 don karawa da George Foreman, 'yan jaridar da suka bi shi ba su taɓa rasa abin aikawa gida ba, ko da ranar ba a yi atisaye ba.

A ganina wannan ita ce ma'ana mafi haɗari cikin dukansu, domin tana auna mutum da mudun ciniki. Idi Amin, wanda ya mulki Uganda daga 1971 zuwa 1979, kwafi ne mai kyau ƙwarai ga jaridun Turai. Lambobin da ya jera a ƙirji, da muƙaman da ya ba kansa, da saƙonnin ba'a da yake aika wa shugabannin duniya, duk sun cika shafuka ana dariya. A daidai wannan lokaci mutane suna ɓacewa a ƙasarsa, har aka kai ga kashe babban limamin cocin Angilika, Janani Luwum, cikin Fabrairu 1977. Wasan da yake yi ya fi kisan da yake yi daɗin bugawa. Haka nan a gida, ɗan siyasa mai zafin baki ya fi injiniyan da ya gyara famfon gari samun shafin farko. Mai karatu da ya ga suna guda kullum a kan jarida, ya kyautu ya tambayi kansa ko aikin mutumin ne ya kawo shi ko bakinsa.

Sashen talla ma yana da nasa kwafin, watau kalmomin da ke cikin talla, ban da hoto da zane. Akwai masu sana'ar rubuta shi kaɗai. Jami'in watsa labarai na ma'aikata da aka ce ya kawo kwafi kafin ƙarfe huɗu, rubutun sanarwar ake nufi, ba juyin takardar biyan kuɗi ba, kuma an sha ɓata yini guda a kan wannan.

Kwafi nawa?

Sai da inji ya fara juyawa da tsakar dare kalmar ke komowa ma'anar da Bahaushe ya sani. Kowace jarida guda da ta faɗo daga bakin inji kwafi ce. Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya cikin Janairu 1939, Abubakar Imam yana editanta, kuɗin kwafi guda shi ne kwabon da ke cikin sunanta. Iwe Irohin, jaridar farko a ƙasar nan, wadda Henry Townsend ya fara bugawa a Abekuta cikin 1859, wuri 120 ake sayar da kwafinta.

Nan ma akwai rami, kuma kuɗi ne a cikinsa. In manajan jarida ya ce, "Muna da kwafi dubu hamsin," wane kwafi yake nufi? Akwai wanda aka buga, akwai wanda aka raba wa dillalai, akwai wanda aka saya da kuɗi. Tsakanin na biyu da na uku akwai kwantai, wanda ke komowa a ɗaure, daga bisani ya ƙare a wurin mai tsire da mai ƙosai. Akwai kuma na kyauta da ake aika wa ofisoshi. Adadin masu karatu kuwa wani lissafi ne dabam, domin kwafi guda yakan zaga ofis sukutum, ko a karanta shi a bayyane a zaure mutum goma suna saurare, ban da masu karatun tsaye a gindin mai sayar da jarida. Kuɗin talla a kan yawan kwafi ake yanka shi, don haka kowane manaja yana son faɗin adadi mafi girma. Wannan ne ya sa masu talla da masu jaridu a Amurka suka kafa hukumar binciken yawan kwafin da ake sayarwa cikin 1914, Ingila ta kafa tata cikin 1931. Ma'aikacin da aka ba amanar kuɗin tallan ma'aikatarsa, in aka faɗa masa adadi, hakkinsa ne ya tambaya: bugawa ko sayarwa?

Daga wannan kalma dai aka sami sunan haƙƙin mallaka a Turanci, kuma mutane da yawa suna zaton ma'anarsa ikon yin juyi. Tarihinsa ya fi karkata ga ɗaya ma'anar. Ƙungiyar masu ɗab'i da sayar da littattafai ta Landan, wadda ta sami izinin sarauta cikin 1557, tana da rajista inda ɗan ƙungiya zai rubuta cewa kwafin littafi kaza nasa ne, watau asalin rubutun, kuma babu wani ɗan ƙungiya da zai buga shi. Haƙƙin na mai ɗab'i ne, ba na marubuci ba. Sai cikin 1710 majalisar Ingila ta yi dokar da ta ba marubuci haƙƙin na shekara 14, da damar ƙarin 14 in yana raye. Nijeriya ta yi dokarta cikin 1970, ta sake ta cikin 1988, sa'an nan aka sa hannu kan sabuwa cikin Maris 2023. Abin da ya shafi ɗan jarida a ciki shi ne, aukuwar abu ba mallakar kowa ba ce. Yarjejeniyar Bern ta ƙasashen duniya, wadda Nijeriya ta shiga cikin 1993, ta ware labaran yau da kullum daga kariya. In kasuwa ta ƙone kowa na iya ba da labari. Amma kalmomin da wani ya tsara ya ba da labarin da su, waɗannan nasa ne.

Shi ya sa ɗan jarida, wanda aikinsa kullum kawo kwafi ne, babban abin kunya gare shi a ce ya kwafa. Cikin Mayu 2003 wani matashin ɗan rahoto na jaridar New York Times, Jayson Blair, ya ajiye aiki bayan an gano ya ɗebi zancen wata jarida ta Jihar Teksas ya sa sunansa, bincike kuma ya nuna ya daɗe yana kwasar na wasu yana ƙaga wasu, yana rubuta labarin garuruwan da bai taka ba. Wata guda bayan haka manyan editocin jaridar guda biyu su ma suka sauka.

Yau babu yaron kwafi, babu kabon, ƙusar ma ta zama suna kawai a cikin kwamfuta. Ɗan rahoto yana aiko da labari daga wayar hannunsa, amma edita har yanzu kwafi yake kiransa. Aikin da baƙa ke yi a da, yanzu inji ne ke yinsa, domin yana ajiye sunan duk wanda ya taɓa labari da lokacin da ya taɓa. Abin da ya sauya shi ne labarin da aka sa a intanet ana iya gyara shi bayan dubban mutane sun karanta, wanda ya karanta da safe da wanda ya karanta da yamma su yi ta gardama alhali kowannensu ya ga abin da ya faɗa. Jaridun da suka san mutuncinsu sukan rubuta a ƙasan labari cewa an gyara kaza a lokaci kaza. Takarda kuwa, wadda a da ita ce kwafi ba tare da wani ƙarin bayani ba, yanzu sai an yi mata laƙabi ake gane ita ake nufi. Turawa suna ce mata kwafi mai tauri, a ofisoshinmu kuma za ka ji ana cewa a kawo na takarda.